Me Ya Sa Aka Riga Ni Ganin Likita? Yadda Ɗakin Gaggawa Yake Aiki

 Yau maganarmu a kan wata ƙofa ce wadda ba wanda yake so ya shiga, amma da wuya a sami gidan da ba a taɓa kai wani nasa can ba. Ita ce ƙofar sashen gaggawa na asibiti, wurin da mutane suka fi sani da imajansi. Muna magana musamman da mutanen ƙasar Karaye da Rogo, gama tsakaninsu da manyan asibitocin birni akwai tafiya, kuma wanda yake nesa shi ya fi bukatar sanin yadda abu yake tun ranar ba ta zo ba.

Akwai gunaguni guda da akan ji a bakin wannan ƙofa kusan kullum. Mutum ya zo tun da hantsi da ɗansa wanda ya faɗo daga kan mangwaro ya karye a hannu. Yaron yana ta ihu, suna zaune a benci. Can sai ga wata mata da goyo, yaronta ko kuka ba ya yi. Malamar jinya ta ɗaga zane ta leƙa sau ɗaya, sai ta karɓe shi ta shige ciki da sauri. Nan take za ka ji ana cewa, "Ai sanayya ce," ko kuwa, "Sun ba da wani abu." Ba mu ce ba a taɓa yin son kai a asibiti ba, 'yan adam ne ke aiki a ciki. Amma a wannan abin da muka kwatanta, malamar ta yi aikinta daidai. Yaron da ke ihu yana da numfashi, yana da ƙarfi, hankalinsa yana jikinsa. Wanda ya yi shiru shi ne yake bakin kabari.

Ga ƙa'idar, kuma a kanta aka gina dukan aikin wannan sashe: ba wanda ya riga zuwa ake fara dubawa ba, wanda ya fi kusa da mutuwa ne. A ɗakin ganin likita na yau da kullum akan yanki kati a bi layi, na farko shi ne na farko. A nan kuwa layi zai kashe mutane. Daga fagen yaƙi wannan ƙa'ida ta fito. Fiye da shekara 200 da suka wuce, a yaƙe-yaƙen Napoliyon na Faransa, akwai wani likitan soja mai suna Dominique Larrey. A zamanin akan bar masu rauni kwance a fili har a gama faɗa, da yawa kuwa sukan mutu suna jira. Larrey ya ƙi wannan. Ya shirya kekunan doki marasa nauyi masu kwaso masu rauni ana tsakiyar faɗa, ya kuma tsaya a kan cewa wanda rauninsa ya fi muni shi za a fara yi wa aiki, ko hafsa ne ko kurtu. Kalmar da likitoci ke kiran wannan tsari da ita har yau, watau tiriyaj, ta Faransanci ce. Ma'anarta rarrabewa, kamar yadda mace kan zauna da faifai ta raba wake da tsakuwa.

A yau rarrabewar da launi ake yin ta. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ƙungiyar Red Cross da ta Likitoci Marasa Iyaka yana da launi 3. Ja, a shiga da shi nan take. Rawaya, a gan shi ba da jimawa ba. Kore, zai iya jira. Wasu ƙasashe sukan yi aji 4 ko 5. Ba kowane asibiti ne zai manna wa mutum launi a kati ba, amma ƙwararriyar malamar jinya tana ɗauke da waɗannan launuka a kanta. Ku lura kuma, launin ba hatimi ba ne. Wanda aka ce ya jira da safe yana iya juyewa ya zama ja kafin azahar. Saboda haka idan kuna zaune, kuka ga numfashin mai ciwonku ya sake, ko ya daina amsa kira, ko jini ya ɓalle, kada ku ce an riga an gan shi. Ku tashi ku faɗa.

To, me malamar take gani a wannan leƙawa guda? An koya mata ta rarrabe yaro cikin daƙiƙa 15 zuwa 20. Tana duban ƙirjinsa, ko yana numfashi, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki yana fizgar iska da ƙyar. Tana duban harshe da leɓe, ko sun yi duhu. Tana riƙe hannunsa ta ji ko ya yi sanyi, ta danna farce ta saki, ta ga ko jini zai dawo kafin daƙiƙa 3. Tana kiransa ta ga ko zai buɗe ido. Idan mai gudawa ne, ta duba ko idanu sun faɗa, ta mintsini fatar ciki ta ga ko za ta koma da sauri. Jaririn da bai kai wata 2 ba, ko yaron da tafin hannunsa ya yi fari fat, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, ba a barinsu a ƙarshen benci ko da ba su kai ja ba. Ba na'ura take bukata don wannan ba, ido ne da hannu da horo.

Bari mu shiga ciki tare da wanda aka ce ja ne. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, likita ba ya fara tambayar sunan ciwon. Abin da zai fara kashe mutumin shi yake nema, kuma yana da jeri wanda ba ya tsallakewa. Wannan jeri ma yana da labari. A shekarar 1976 wani likitan ƙashi a Amurka, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirgin sama a cikin gona a jihar Nebraska. Matarsa ta mutu nan take, 'ya'yansa 3 suka sami munanan raunuka. Da ƙyar ya tare mota ta kai su wani ƙaramin asibitin karkara, suka tarar da shi a kulle. Da aka buɗe, sai ya ga ma'aikatan ba su da horon da za su san abin da za su fara da shi. Ba mugunta ba ce, rashin tsari ne. Daga nan shi da abokan aikinsa suka tsara darasi, aka fara koyar da shi a 1978, ya kuma bazu cikin duniya. Da haruffa 5 ake tuna shi: A, B, C, D, E.

Na farko hanyar iska ce, watau baki da maƙogwaro. Idan harshe ya faɗa baya ya toshe ta, ko amai, ko jini, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Don haka ake ɗaga haɓa, a zuƙe abin da ya toshe. Na biyu numfashi, a nan ake sa iskar oksijin. Na uku gudun jini, kuma a nan ya kamata mu ɗan dakata. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, kwatankwacin ledar fiya wata 10. Ƙashin cinya guda in ya karye, mutum yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin naman cinyar, ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Wanda ya faɗi a babur ya bugu a haƙarƙarin hagu, saifarsa na iya fashewa. Zai tashi ya kaɗe riga ya ce ba abin da ya same shi, bayan awa 2 sai a ga yana gumi mai sanyi, yana roƙon ruwa. Jinin yana zuba ne cikin ciki. Shi ya sa za ku ga an sa masa ƙarin ruwa a hannu biyu, an ɗebi jini an ruga ɗakin gwaji, alhali ku ba ku ga rauni ba. Akwai kuma allurar rage zubar jini mai suna taranekzamik, wadda amfaninta yake cikin awa 3 na farko. Bayan haka ta makara. Na huɗu hankali, a duba ƙwayar ido, a auna sukari, gama ƙarancin sukari kaɗai yana sumar da mutum, maganinsa kuwa na mintoci ne. Na biyar a tuɓe shi a duba jiki duka, gaba da baya. Idan aka yanka rigar ɗan'uwanku da almakashi, ko aka ce ku fita waje, ba wulaƙanci ba ne. Rauni a baya ya sha ɓuya a ƙarƙashin riga.

Wani zai ce wannan duk na ƙasashen masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. A babban asibitin Sarauniya Elizabet da ke Blantyre a ƙasar Malawi, wajen 2001, an sake tsarin karɓar yara: a rarrabe su a bakin ƙofa, a horar da ma'aikata, a ajiye maganin gaggawa kusa. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin 100, ta koma kashi 6 zuwa 8. A nan jihar Kano ma an ga irin wannan. A 2008 aka shigar da allurar maganiziyam, ta jijjigar masu ciki, a manyan asibitocin gwamnati 10, aka koya wa ma'aikata yadda za su ba da ita da zarar mace ta iso. Cikin matan da wannan ciwo ya kama, masu mutuwa suka ragu daga wajen kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da ɗoriya. Magani ne mai araha. Abin da ya sake shi ne sauri da tsari.

Wani abu da ya kamata a gane, sashen gaggawa ba wurin warkewa ba ne, mararraba ce. Aikinsa ya riƙe rai, sa'an nan ya nuna hanya: ko gida da magani, ko gadon kwanciya, ko tiyata, ko wani asibiti na gaba. Ga mutumin Karaye ko Rogo matakan suna hawa-hawa. Akwai ƙaramin asibitin ƙauye, akwai asibitin gwamnati na Karaye da na Rogo da na Gwarzo, sa'an nan a birnin Kano akwai asibitin Murtala, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, da asibitin ƙashi na Dala, da asibitin yara na Hasiya Bayero. Mutanen Rogo, da yake suna iyaka da jihar Kaduna, da yawa sukan nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A manyan asibitoci ƙofar gaggawa ta yara dabam take da ta manya, mai naƙuda kuma ɗakin haihuwa akan wuce da ita kai tsaye. A ƙananan asibitoci kuwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne, da dare malaman jinya ne ke tsaron wurin, su kira likita in abu ya taso.

A nan mutane kan yi kuskure iri biyu. Wasu sukan raina asibitin kusa, su ɗauki shatar mota su nufi birni da mai zubar da jini ko mai jijjiga. Tafiyar ta fi awa ɗaya ko da hanya tana da kyau, balle da damina. A ganinmu, wanda jini ke zuba, ko numfashi ke gagara, ko yake jijjiga, asibitin da ya fi kusa shi ne nasa. A tsayar da jinin, a sa ƙarin ruwa, a yi allurar farko, sa'an nan a yi doguwar tafiya. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, allurar atesunet ta farko da aka yi masa a kusa da gida ita ce za ta kai shi birni da rai. Wasu kuma in an ce su wuce gaba, sai su ce an kore su, su koma gida da fushi. Ba kora ba ce. Likitan da ya san abin da ba shi da shi, ya kuma faɗa da wuri, ya yi muku alheri. Sai dai kada ku tafi hannu rabbana. Ku karɓi takardar turawa wadda aka rubuta abin da aka gani, da maganin da aka bayar, da lokacinsa.

Tun da yake rarrabewa ake yi, abin da kuka faɗa a bakin ƙofa yana da nauyi ƙwarai. Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, kuma labari mukan ɗauko shi daga tushe: ranar kasuwar da ta wuce ya ce kansa na ciwo, aka sayo masa magani, ya ɗan ji sauƙi. A nan sai a juya labarin, a fara da wutsiya. "Malama, ta haihu da asuba, jini bai tsaya ba." "Ya suma sau biyu a hanya." "Ya sha maganin feshi awa ɗaya da ta wuce." Mafi muni da farko, sa'an nan lokacin da ya faru. Kuma a faɗi gaskiya. In an ba shi jiƙo, ko an yi masa allura a kemis, ko an fara kai shi wurin maɗori, a faɗa. Kunyar minti ɗaya ce. Likita ba alƙali ba ne, so yake ya san abin da ke cikin jikin kafin ya ƙara wani a kai. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa, da duk mai ajiye maganin ƙwari a gida, in tsautsayi ya faru ku zo da kwalbar ko ledar.

Labudda, rayuka da yawa a hanya ake samunsu ko a rasa su, tun ba a kai ƙofar ba. Mai zubar da jini, ko inji ne ya kama masa hannu ko lauje, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Wanda mota ta buge, kada a kama hannu da ƙafa a jefa shi bayan a-kori-kura kamar buhun masara. A sa shi a kan ƙyaure ko katako, mutum ɗaya ya riƙe kai kada wuya ya juya, gama karayar wuya ko gadon baya da ba ta taɓa laka ba tana iya taɓa ta wajen ɗauka. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a kara ƙafarsa a wuta. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Haka nan wanda ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi take so har minti 20, ba ƙwai ba, ba baƙin mai ba. Kuma duk wanda ake zaton za a yi masa tiyata, a riƙe kunu da fura tukuna, ko da yana roƙo.

Saran maciji ya isa a yi masa magana dabam, gama da damina da lokacin girbi manoma ke gamuwa da shi. Tsagawa, da tsotsa, da ɗaure ƙafa tamau da igiya, ba ɗayansu da ke fitar da dafi, ɗaurin ma yakan kashe ƙafar. A cire zobe ko abin da zai matse in wurin ya kumbura, a sa kara ko katako a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya taka. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya zama lafiya lau yau, gobe dasashinsa ya fara jini. A asibiti akan ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi a ajiye minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai allurar makari. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Sai maganar kuɗi da 'yan sanda, waɗanda suke sa mutane jinkiri har a rasa rai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa yana fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da zai iya kai wata 6, ko duka biyu. Wata doka ta 2017 ta ce wanda aka harba a karɓe shi a yi masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da an jira kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani, kuma wanda ya taimaka ya kawo shi ba za a tsangwame shi da tambayoyi ba. Amma kada mu ruɗi kanmu. Dokar ta hana ƙin karɓa ne, ba ta ce kome kyauta ba ne, kuma a wurare da yawa a ƙasar nan har yanzu dangi ne ke sayo ruwa da allura da safar hannu. Gidan da ke da mai ciki, tun tana wata 7 ya kamata a ware ɗan abin da ba a taɓawa, a kuma san direban da zai amsa waya da tsakar dare.

Abu ɗaya ne kuɗi ba ya ƙerawa, shi ne jini. Mace in ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, watau ledar fiya wata guda, an shiga haɗari, in kuwa zubar ta yi ƙarfi ba a tsayar ba, awa 2 sun isa ta rasu. Sau da yawa sai a cika mota da mata masu rakiya da kuka, a bar samari majiya ƙarfi a gida. Da aka ce ana bukatar leda 2, sai a fara buga waya ƙauye. Ku tafi da maza biyu ko uku masu lafiya, waɗanda suka kai shekara 18, nauyinsu bai gaza kilo 50 ba. Abin da ake ɗiba bai cika rabin lita ba, jiki kuma yakan mayar da shi, har namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3. Kafin a ƙara wa wani, sai an gwada rukuninsa, an kuma tabbatar ba ya ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta ko tunjere, wannan ma yana cin lokaci. Shi ya sa ya fi kyau masu bayarwa su shiga mota ɗaya da mai ciwon, ana duba shi a ciki, su kuma suna ɗakin gwaji.